Mai Gadin Duman Yashi

Shekara tara Mai Fure ya yi yana gadin wani ɗan fili a bakin kogi, can bayan gari inda kwalta ta ƙare aka shiga hanyar ƙasa. Filin bai wuce taku sittin a tsaye, arba'in a kwance ba. An kewaye shi da waya, an sa masa ƙofar ƙarfe da kwaɗo, an kafa allo an rubuta cewa abin da ke ciki na cibiyar binciken tsirrai ne, kada a taɓa. A kusurwar gabas akwai 'yar rumfar kwano inda yake ajiye fartanya, da baro, da bokitin ban ruwa guda biyu, da wani benci mai gajeriyar ƙafa da ya tokare da bulo.

Asalinsa ɗan lambu ne. Albasa da tumatir da latas ya tashi yana nomawa tare da yayansa, har ranar da wani tsohon farfesa na cibiyar ya tsaya a bakin lambunsu ya yi ta kallon yadda yake dasa albasa. Tsohon ya ce yana neman mutum mai hannun shuka, wanda ba ya gajiya da zama wuri ɗaya.

Yayan ya yi dariya ya ce, "To ai ka samu. Wannan ko kujera sai ta riga shi tashi."

Ranar farko Farfesa ya kai shi filin da sassafe. Ya durƙusa da ƙyar, ya nuna masa wani tsiro mai yaɗo a kan yashi, furensa kamar bakin mazurari, launin shunayya mai haske.

Mai Fure ya ce, "Ai duman kada ne wannan. Ga shi can ya cika kwatar unguwarmu."

Farfesa ya ce a'a, ɗan'uwansa ne, gida ɗaya suka fito amma ba shi ba ne. Wannan, a duk yawon da ya yi na shekara talatin, a gaɓar kogin nan kaɗai ya taɓa ganinsa, kuma ko a nan ɗin ya kusa ƙarewa. Mutane ba su ba shi suna ba, shi ne ya raɗa masa duman yashi. Ya yi dogon bayani a kan ganye da iri, rabinsa da yaren 'yan boko, Mai Fure yana gyaɗa kai. Abin da ya zauna masa a ka shi ne maganar ƙarshe: "Ka kula mini da shi kamar ɗanka."

Ba a yi shekara ba Farfesa ya yanke jiki ya faɗi a ofis, bai sake magana ba har ya rasu. Cibiyar ba ta sallami Mai Fure ba, ba ta kuma turo kowa ba. Aka bar shi daga shi sai filin.

Ya kuwa kula da shi iyakar yadda ya san kula da shuka. Ya ga yashin wurin ba ƙarfi, sai ya riƙa turo takin shanu a baro. Ya ga rana na ƙona ganye, sai ya riƙa ban ruwa safe da yamma. Da damina ta zo kogi ya cika ya share rabin filin, sai ya kwashe wata biyu yana jibga buhunan ƙasa ta gefen ruwa, har ya tayar da jinga wadda ta kai masa ƙugu. Tun daga nan ruwan kogi bai sake leƙowa ba. Filin ya yi shar, yaɗo ya hau waya ya rufe ta, ya hau kan rumfa. Da hantsi in furanni suka buɗe, masu wucewa a kan babur har tsayawa suke yi. Mai shayin bakin hanya ne ya fara ce masa Mai Fure, sunan ya bi shi har cikin gidansa.

A shekara ta tara, wata safiyar Talata, farar mota mai tambarin cibiyar ta tsaya a bakin ƙofa. Wata mata ta fito, ba ta fi sa'ar 'ya'yansa ba sosai, da takalmi mai igiya da jaka a kafaɗa, ta rataya wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu a wuya.

"Baba, sannu da aiki."

"Yawwa, sannu da zuwa."

Direban ya ce wannan ita ce Dakta. Ita kuma ta ce ita ce ɗalibar Farfesa ta ƙarshe. Ta daɗe tana karatu a waje, kwanan nan ta dawo, tana kwashe takardunsa daga wata tsohuwar durowa ta ci karo da labarin filin. Ta ce har ta tambaya a ofis, aka yi ta kallon juna, sai wani magatakarda ya tuna cewa akwai wani dattijo a can.

Mai Fure ya buɗe kwaɗo, ya ja gefe don ta gani da kyau. Ya daɗe yana jiran ranar da wani zai zo ya gani.

Ta shiga tana murmushi. Ta sunkuya ta juya ganye ɗaya, ta juya na biyu. Murmushin ya ragu. Ta ajiye jaka, ta durƙusa, ta fara rarrafe daga kusurwar farko tana juya ganyaye ɗaya bayan ɗaya, tana leƙa cikin furanni. Ya ɗauko mata benci, ba ta ko kalle shi ba. Haka ta yi ta yi har rana ta take, direba ya kwantar da kujera ya yi barci ya tashi.

Daga can tsakiyar fili ta ɗago ta ce, "Baba, yaushe rabon da ruwan kogi ya shigo nan?"

"Ai tun shekara ta biyu na tare shi. Ga jingar can, ni kaɗai na yi ta."

"Wannan baƙar ƙasar fa?"

"Taki ne. Na shanu. Sau biyu a shekara."

Ta ƙarasa kusurwar ƙarshe, ta dawo rumfa ta zauna a ƙasa, gwiwoyinta duk laka. Ta buɗe jaka ta fito da wata farar takarda mai kauri, an manna busasshen tsiro a kai, da rubutun hannun Farfesa a ƙasa.

"Baba, zo ka zauna, zan nuna maka wani abu."

Ya zauna a bakin benci. Ta tsinko ganye ɗaya daga jikin waya ta miƙa masa ta ce ya shafa bayansa. Ya shafa, ya ce sumul yake. Ta ce to ya shafa na takardar, a hankali kada ya karye. Ya ɗora yatsa. Akwai wani ɗan gashi mai laushi a bayan ganyen, kamar na kunnen ɗan akuya sabuwar haihuwa. Ta nuna masa cikin furen: na jikin waya maƙogwaronsa duhu ne, na takardar fari fat. Ganyen takardar ƙanana ne, jijiyarsa siririya.

Ta yi masa bayani da Hausar da za ta shiga. Duman kada ruwa yake so da ƙasa mai ƙarfi, shi ya sa kwata da kududdufi da bakin famfo duk nasa ne, ko an sare shi gobe ya dawo. Duman yashi kuwa tsagwaron yashi yake so da rana, sai ambaliya ta zo sau ɗaya a shekara ta share duk abin da ke kusa da shi, ta gurza bawon irinsa da yashi, sannan ya tsiro. In aka ba shi taki da ruwa kullum saiwarsa ruɓewa take yi, ɗan'uwan ya hau kansa ya danne.

Mai Fure ya kalli filin. Furannin sun fara rufewa saboda rana.

"Wannan duka?"

"Duka duman kada ne, Baba."

"Ko ɗaya babu?"

"Na bi kusurwa kusurwa. Ko ɗaya."

Ya ce, "To."

Ta ci gaba da magana, ta ce kada ya sa abin a ransa, ta ce wani abu a kan cibiyar da sakacinta. Yana jin muryarta amma kamar daga ɗakin maƙwabta take zuwa. Abin da ya lura da shi kawai shi ne igiyar takalminta ɗaya ta kwance, ya yi ta tunanin ko ya gaya mata. Ya saurara ya ji ko wani abu zai taso masa daga ciki, fushi ko kunya ko hawaye. Shiru. Ta ce za ta dawo gobe. Ya raka ta har mota, ya ce su gaida gida.

Da la'asar ya ga kansa a bakin kogi yana cika bokiti. Ya tsaya da su a hannu na ɗan lokaci. Sannan ya je ya yi ban ruwan kamar kullum, layi layi, ya kulle ƙofa ya tafi.

Ya tarar da matarsa a tsakar gida a kan keken ɗinki, da allura a baki. Uwar Biyu ake ce mata, ko da yake tagwayen nata sun daɗe da girma kowa ya kama gabansa. Ta kalle shi sau ɗaya ta tsayar da ƙafa.

"Malam, lafiya? Ka shigo ko sallama ban ji ba."

Ya zauna a kan tabarma ya cire takalmi, ya gaya mata, kalma biyar ko shida.

Ta cire allurar daga baki. "Duman kada? Na kwata? Wanda nake sa a sare mini a bayan banɗaki?"

"Shi."

Dariya ta ƙwace mata. Ta toshe baki da tsumman da take ɗinki, kafaɗunta na rawa. "Shekara tara kana korar awaki daga abin da ko akuya ba ta ci! Wayyo cikina." Sai kuma dariyar ta tsaya cak, kamar an kashe rediyo. Ta zuba masa ido. Ta ce a hankali, "Amma Malam, saboda shi ne fa ka..."

Ba ta ƙarasa ba, ba kuma sai ta ƙarasa ba. A shekara ta shida, tsakiyar zafi, yayansa ya kwanta a asibitin wani gari mai nisan yini guda. Sau uku yayan yana sa a kira masa shi a waya. Sau uku Mai Fure yana cewa yana nan tafe, bari dai ya samu wanda zai riƙe masa ban ruwa, don kwana biyu cikin wannan ranar shukar za ta ƙone. Ranar da ya samu mutum ya hau mota, ya isa an riga an dawo daga maƙabarta. Matar yayan ba ta ce masa komai ba, ruwa kawai ta kawo masa. A lokacin ya gaya wa kansa amana ce, amana kuwa ba a wasa da ita, da wannan ya lallaɓa zuciyarsa har ta kwanta.

Yanzu ya ɗauko maganar ya jujjuya ta a ransa. Ya tuna wata rana da likita ya yi masa allura a dasashi kafin ya cire masa haƙori, yana taɓa leɓensa da yatsa yana jin kamar na wani ne. Haka ya ji.

Uwar Biyu ta kawo abinci. Ya ci duka, ya wanke hannu. Ta yi ta satar kallonsa tana jira ya yi magana. Ya tambaye ta ko an kawo wuta yau.

Washegari Dakta ta same shi zaune a rumfa, bokitai a kife. Bayan sun gaisa ya ce, "Dakta, akwai maganar da ban gaya miki ba."

Tun da ya shafa ganyen takardar jiya, yatsansa ya tuna abin da kansa ya manta. A shekara ta uku, lokacin da filin ya fara kyau, ya riƙa ganin wasu sirara a tsakanin masu ƙiba, ganyensu ƙanana, sun yi fari-fari, ba sa gaba ba sa baya. A lambu in shuka ta yi haka cuta ce, kuma ba a barinta kusa da masu lafiya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tuge, ya tara su bayan rumfa, da suka bushe ya sa musu ashana. Ya tuna har hannunsa ya yi ƙaiƙayi saboda gashin.

Ya faɗi wannan duka da murya ɗaya, kamar mai ba da kwatancen hanya.

Dakta ta waiwaya ta kalli bayan rumfar. Sannan ta ce, "Suna da yawa?"

"Ba su cika baro ba."

Ta cire gilashin idonta ta goge da gefen riga, ta mayar. "Baba, mu muka bar ka kai kaɗai. Shekara tara ko waya ba wanda ya ɗaga ya kira ka."

"Da ban tuge ba, da sun rayu?"

"Ban sani ba. Wataƙila su ƙara shekara ɗaya ko biyu. Wataƙila ɗaya ya tsira a gefe. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ji daɗin da ba ta yi masa ƙarya ba, amma ko daɗin can nesa ya ji shi.

Ta ce tana so ta bi gaɓar kogin sama da ƙasa ko Allah zai sa a dace, kuma tana buƙatar wanda ya san hanyoyin wurin. Ya ce to. Ya tambaye ta wa zai yi ban ruwa in sun tafi, sai ya ji abin da ya faɗa, ya tashi ya ɗauko kwaɗon ƙofa.

Kwana huɗu suna yawo. Direba ya ajiye su inda hanya ta ƙare, su bi gaɓa a ƙasa, ita a gaba tana sunkuye, shi a baya da gorar ruwa. Inda Farfesa ya zana a taswira, wani wurin an yi gidaje, wani an yi wurin wankin mota, wani kuma bola ce tsibi guda. Duman kada kuwa ko'ina yana nan, ya yi kwance-kwance a bakin duk wata magudana, fure fal. Direban mutum ne mai barkwanci. Kullum suka dawo sai ya ce, "Baba, an ga surukin naka?" Mai Fure ya ce ba a gani ba. Rana ta uku direban ya daina tambaya.

Rana ta biyar suka faɗa wurin masu haƙar yashi. Tifofi uku a jere, majiya ƙarfi suna ta watsa yashi da shebur, jikinsu sharkaf da gumi. Dakta ta nufi shugabansu da takardar Farfesa, wani ƙaton mutum mai tawul a wuya. Ya kalli busasshen tsiron ya kalle ta, ya ce shi yashi ya sani.

Mai Fure ya matso ya ce, "Sannunku da rana. Ba wata ciyawa mai yaɗo da ke sarƙe muku shebur? In ka kama ta hannu ya yi ƙaiƙayi."

Wani daga cikin masu lodin ya tsaya ya dogara a kan shebur. "Wannan jarababbiyar? Da ta cika nan. Yanzu sai can." Ya nuna wani tudun yashi a tsakiyar ruwa.

Ruwan iya cinya ne. Dakta ta tuɓe takalmi ta miƙa wa Mai Fure ba tare da ta san ta yi ba, ta faɗa ruwa. Ya bi ta. A bayan tudun, inda ba inuwa ko ta tsinke, wasu siraran yaɗo sun miƙe a kan farin yashi. Ta zube a gwiwa ta juya ganye. Ta ƙwala ihu har masu lodi suka waiwayo. Ta ƙirga su da ƙarfi, goma sha ɗaya. Ta ɗauki hoto ta gaba ta baya, tana dariya tana share ido da bayan hannu.

Mai Fure na tsaye riƙe da takalmanta, ruwa na ɗiga daga wandonsa. Ya kalle su. Su ne. Ya gane su sarai, kamar yadda mutum kan gane fuskar wanda ya taɓa yi wa rashin kirki a kasuwa. 'Yan ƙanana ne, ba su da wani kyau. Ya ga yashi ya shiga takalmin hagu, ya kife shi ya kakkaɓe.

Da suka dawo gaɓa shugaban masu yashi ya ce nan da mako biyu za su kai kan tudun. Dakta ta ce za ta kawo takarda daga cibiyar. Ya ce ta kawo, amma shi ma takarda gare shi, kuma tasa ta riga tata. Murya ta fara tashi. Mai Fure ya bari sai da suka gaji, sannan ya ce da mutumin, "Ɗana, ba tudun muke roƙo ba. 'Ya'yan tsiron ne ba su nuna ba. Ka ba mu wata ɗaya su bushe mu kwashe iri. Ka fara da wancan gefen, ai yashin ɗaya ne."

Mutumin ya goge wuya da tawul, ya kalli tudun, ya kalli Mai Fure daga sama har ƙasa. "Wata ɗaya. Don furfurarka, Baba, ba don takardarta ba."

Ya cika alkawari, har ya ƙara kwana uku. Mai Fure ya riƙa ƙetare ruwan kowace safiya da ambulan a aljihun gaba, duk ɗan da ya bushe ya fara tsagewa ya tsinke shi. Iri sittin da uku aka samu. Takardar Dakta ba ta fito ba sai bayan da tifofi suka gama da tudun, wurin ya koma rami cike da ruwa.

Rabin irin aka sa a firjin cibiyar. Rabi kuma Dakta ta ce a filin za a shuka, amma sai an mayar da filin yadda yake tun farko. Ta ce za ta turo ma'aikata. Mai Fure ya ce a bar shi.

Kwana goma sha bakwai ya yi yana tuge duman kada. Ya fara daga jikin waya, ya sauko da na kan rumfa, ya bi ƙasa yana tono saiwa da fartanya. Ya kankare baƙar ƙasar da ya yi shekaru yana tarawa, ya kwashe ta baro baro ya kai wa masu lambun da ke ƙasa da shi, suna ta godiya. Sannan ya farke buhunan jinga ɗaya bayan ɗaya. Shugaban masu yashi ya aiko da tifa biyu aka juye a bakin ƙofa. Masu babur sun daina tsayawa. Mai shayi ya leƙo ta waya wata rana ya ga fili fetal, ya ce, "Yau kuma sai mu ce Mai Yashi ke nan?" Mai Fure ya ce duk wanda ya ga dama.

Uwar Biyu kan shafa masa man zafi a baya da yamma. Wata rana tana shafawa ta ce, "Malam, ka yi kuka mana, ko ka yi faɗa. Ko ni ce ka yi mini, na yafe. Wannan shirun naka ya fara ba ni tsoro."

Ya ce, "In ya zo zan yi."

Suka shuka irin gab da faɗuwar damina. Dakta ta kafa masa doka uku: ba taki, ba ban ruwa, ba tare kogi. Ruwa ya zo a watan da ya saba zuwa, ya haye filin, ya tafi da benci da wani sashe na waya, ya zauna kwana tara sannan ya janye. Mai Fure ya gyara wayar. Ya samo wani tsohon galan ya riƙa zama a kai yana kallon yashi. Duman kada ne ya fara leƙowa daga guntayen saiwar da suka ɓuya, yana fitowa yana tugewa.

A mako na uku bayan janyewar ruwan, guda huɗu suka tsiro a gefen kogi, kusa da juna. Ɗaya ya bushe da kansa. Da sauran ukun suka yi ganye na huɗu ya tabbatar, sannan ya kira Dakta a waya. Tana wani taro a wani gari, ya ji hayaniya a bayanta, ya ji ta fita waje da gudu.

"Uku? Baba, uku? Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ta yi ta godiya ga Allah, ta yi ta yi masa godiya, ta ce shi ne ya cece su, ta ce za ta sa sunansa a rahoto. Ya riƙe wayar yana kallon wani tsuntsu da ke tafiya a bakin ruwa. Da ta numfasa ya ce, "Dakta, ina neman hutun kwana uku."

Ta tambaye shi yaushe rabonsa da hutu. Ya ce sau ɗaya ya taɓa yin tafiya. Ta ce ya ɗauki mako biyu, za ta sa direba ya riƙa leƙawa.

Bai je ko'ina ba. Ya yi barci yini biyu kamar wanda aka yi wa duka. Rana ta uku ya gyara ƙyauren ɗakin girki da ya shekara yana ƙara, ya sa wa keken Uwar Biyu mai, ya ɗaure igiyar shanya da ta saki. Ɗaya daga cikin tagwayen ta zo da jaririyarta, aka ɗora masa ita a cinya. Yarinyar ta kama gemunsa ta ja da iya ƙarfinta. Ya ce, "Kai!" da ƙarfi, har hawaye ya taru masa a ido ɗaya. Uwar Biyu da 'yarta suka fashe da dariya. Ya ɓamɓare 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya gyara mata zama, ya ce a kawo masa shayi.